Noita da sauran wasannin haɗa sihiri: 'yanci ne na gaske, ko kowa haɗi ɗaya yake ƙarewa da shi?

Ɗan_Yelwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu ba abin da ake yi a nan sai gardamar eFootball da Free Fire, to ga wani abu dabam. Bitar wasan Noita zan yi, kuma a ƙarshe ina da tambaya.

Ga wanda bai san shi ba, wasan kwamfuta ne na wani ƙaramin kamfani a ƙasar Finland, Nolla Games. Sun fara sakinsa don gwaji a Satumba 2019, cikakkensa ya fito a Oktoba 2020. In ka ga hotonsa za ka raina shi, zanen irin na wasannin da ne, ɗigo-ɗigo. Amma kowane ɗigo a allon yana da halinsa. Ruwa ya gangaro ya taru a rami, mai ya taso saman ruwan ya kama wuta, katako ya cinye, hayaƙi ya taru a sama, lantarki ya bi ruwa da ƙarfe. Kai kuma matsafi ne da ke gangarawa cikin kogo, hawa bayan hawa, da sanduna har huɗu da kwalabe har huɗu a jikinka.

Sandunan nan su ne dalilin wannan rubutu. Wasan ba ya miƙa maka sihiri gamamme ya ce ga ƙwallon wuta, danna nan. Guntaye yake ba ka. Kowace sanda tana da gurabe, kuma tana da nata hali: yawan guraben, jinkirin da ke tsakanin harbi da harbi, lokacin da take ɗauka ta sake shiri in ta gama zagaye, yawan ƙarfin da suke kira mana da saurin cikarsa, sai kuma babban abu, ko tana bin jeri ko tana cakuɗawa. Mai bin jeri tana karanta abin da ka zuba mata daga hagu zuwa dama, kamar layin jarkoki a bakin famfo, sai na gaba ya cika na baya zai matso. Guntayen kuma iri-iri ne. Akwai harsashi, wato abin da ke fita. Akwai masu gyara harsashi, su ƙara masa gudu ko zafi, ko su sa ya bi abokin gaba duk inda ya yi. Akwai masu sa a harba biyu ko uku lokaci guda. Akwai kuma wanda na fi so, harsashi mai dako: ka harba ɗan tartsatsi, sai ya bugi abu sannan ya saki abin da ka jera a bayansa. Da shi kake kai abu mai haɗari nesa da jikinka kafin ya fashe.

Ba ko'ina ake gyara sanda ba. Tsakanin hawa da hawa akwai wani masauki, Holy Mountain. A nan jininka ke cika, ka yi sayayya da zinaren da ka tara, ka zaɓi baiwa ɗaya cikin uku, ka zauna ka warware sandunanka ka sake ɗaurawa. Da ka fita wurin ya rufta, babu komawa. In ka mutu kuwa komai ya tafi, ka koma bakin kogo da sandunan farko, kogon ma ya canza fasali.

Hukuncina: ban taɓa buga wasan da haɗa sihiri ya yi zurfi haka ba. Aibinsa kuma babba ne, ba ya koya maka komai. Bayanin da ke jikin kowane guntu 'yan kalmomi ne da lambobi, sauran sai ka gano da kanka, kuma kuɗin makarantar rai ne. Ba zan ba kowa shawararsa ba.

Tambayar: wani abokina a Pumpumre ya ce duk irin waɗannan wasannin yaudara ce. Wai za a ce maka haɗa abin da kake so, amma a ƙarshe akwai haɗi ɗaya da ya fi kowanne, kowa ya koma gare shi. Haka ne?

Sadik_Domayo: Wa alaikumus salam. Abokin naka ya faɗi gaskiya, kuma ga shaida: Magicka, na 2011, na kamfanin Arrowhead na Suwidin, waɗanda daga baya suka yi Helldivers. Abu takwas suka ɗora maka a kan maɓallai takwas: ruwa, rai, garkuwa, sanyi, lantarki, wani ƙarfi da suke kira arcane, ƙasa, wuta. Kana jera har biyar kafin ka saki. Ruwa da wuta su ba ka tururi, ruwa da sanyi su ba ka ƙanƙara. A baki, haɗin ba ya ƙirguwa. A hannu fa? Kowa ya gano cewa tururi da lantarki da arcane suna ba da wani dogon haske da ke jiƙa abokin gaba ya babbake shi a lokaci guda. Shi ke nan. Daga nan har ƙarshen wasa abu ɗaya yatsunka ke bugawa. Ina 'yancin?

Autan_Mama: Yayyena kafin ku yi nisa, akwai shi a waya?

Ɗan_Yelwa: Babu auta, na Windows ne.

Autan_Mama: To Allah ya ba mu alheri 😂 ni ɗan kallo ne yau.

Injiniya_Kusuri: @Sadik_Domayo, ka kawo misali mai kyau amma ba a muhallinsa ba. A Magicka abubuwa takwas ɗin suna hannunka kullum, babu mai ƙarewa, babu mai tsada. In haɗi ɗaya ya fi, me zai hana ka maimaita shi? Noita ba haka yake ba. Ko ka haddace sandar da ta fi kowacce a duniya, wasan bai yi maka alkawarin kayanta ba. Yau shago ya kawo maka abu kaza, gobe wani dabam. Dole ka yi aiki da abin da ya faɗo hannunka.

Bari in ba da misali ɗaya. Akwai wani guntu mai suna Chainsaw, zarto ne ɗan gajere, ba ya kai ko taku ɗaya daga jikinka. Sabon shiga yana ganinsa ya yar. Amma mana ɗaya tak yake ci, yana rage lokacin sake shirin sanda, kuma in ya zo a ƙarshen abin da ake harbawa tare, yana share jinkirin da sauran suka tara. Sai ka sa guntun "harba biyu", ka bi shi da harsashinka, ka bi shi da zarton. Sandar da da take harbi tana numfashi sai ta koma feshi. Amma nan take sabuwar matsala ta taso: mana ya ƙare cikin daƙiƙa biyu, kana tsaye gaban dodo sanda tana tari. Sai ka nemi mai ƙara mana, ko ka canza harsashin zuwa mai araha. Kowane gyara yana haifar da wani. Wannan shi ne wasan, ba harbin ba.

Sadik_Domayo: Wato sa'a ce ke nan. In shago bai kawo zarton ba, duk iliminka ya tashi a banza. Ka ga ka fitar da ni daga yaudara ka kai ni caca.

Injiniya_Kusuri: A'a. Wanda ya iya, da tarkace ma zai haɗa abin da zai kai shi hawa na gaba. Shiga YouTube ka ga masu cin wasan sau da yawa a jere ba tare da mutuwa ba. In sa'a ce zalla, ba za a samu haka ba.

Hadiza_Dang: Ni Magicka nake so in kare, don Sadik ya yi masa rashin adalci. Kai kaɗai ka buga, ko? Wasan nan an gina shi ne don mutum huɗu, kuma sihirinka yana cin ɗan'uwanka yadda yake cin maƙiyi. Mun buga shi da 'yan ajinmu a nan jami'a. Wannan dogon hasken da kake taƙama da shi, in ya gitta hasken rai da wata ke warkar da wani da shi, fashewa yake yi ya kwashe ku duka. In ka jiƙe da ruwan da abokinka ya watsa, ka ce za ka jera lantarki, kai zai fara kamawa, sai ka busar da jikinka da wuta tukuna. Rabin lokacinmu a tayar da juna ya tafi, rai da lantarki sannan dogon maɓallin nan na space. Ban taɓa dariya a wasa irin ta ranar ba. Haɗi mafi ƙarfi ba shi da amfani in mutum uku suna yawo a gabanka.

Sadik_Domayo: Na yarda da dariyar, Hadiza. Amma dariyar daga abokai ta zo, ba daga tsarin haɗin ba.

Hadiza_Dang: Tsarin ne ya ba su igiyar da suka ɗaure kansu ai.

Abakar_Njamena: Tunda an ambaci Magicka, gargaɗi ga 'yan ƙasashenmu. Maɓallan wasan Q W E R da A S D F ne, an tsara su don klaviyen Ingilishi. Mu kuma yawancin kwamfutocinmu na Faransanci ne, AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, W da Z ma haka. To a wasan Q ruwa ne, A lantarki. Ka ga inda matsalar take. Kana bin jagorar da ka gani a intanet, ido yana karanta abu ɗaya, yatsa yana zuwa wani wuri, kana son ruwa ka jera lantarki. Ku sauya klaviyen zuwa Ingilishi a Windows kafin ku buɗe wasan, ko ku shiga saiti ku sake raba maɓallan da kanku.

Autan_Mama: Har a wasa ma Faransa ba ta bar mu ba 😭

Kawu_Sale_Siba: Yara, ku matsa in zauna. Duk wannan da kuke yi, mun yi shi tun kuna goye. Morrowind, na kamfanin Bethesda, 2002. Lokacin ina da shagon intanet a Garwa, in dare ya yi kwastomomi sun watse, shi nake kunnawa. A can za ka je wurin mai haɗa sihiri ka biya shi kuɗi. Duk wani tasiri da ka riga ka koya kana iya sa shi, har takwas a sihiri ɗaya, ka zaɓi ƙarfinsa, tsawon lokacinsa, faɗin wurin da zai ci, da ko a jikinka ne, ko sai ka taɓa mutum, ko jifa daga nesa. In ka zura ƙarfin da yawa, sihirin ya yi tsada, kuma kana iya ɗaga hannu ya ƙi tashi.

Abin da ya bambanta shi da naku shi ne, ba faɗa kaɗai ake yi da shi ba. Kana haɗa na tashi sama ka tsallake dutse, na buɗe ƙofa, na tafiya a kan ruwa, na sa ɗan kasuwa ya ƙaunace ka na 'yan daƙiƙoƙi har ka gama ciniki. Tun a farkon wasan ma akwai wani matsafi da zai faɗo daga sama a gabanka ya mutu, ka duba jikinsa ka ga takardun sihirin tsalle da ya haɗa. Tsallen ya yi kyau, amma sihirin yana ƙarewa tun kana sama. Masu wasan da kansu suna gaya maka: mun ba ka dama, in ka kashe kanka ruwanka.

Oblivion na 2006, wanda ya gaji Morrowind, ya riƙe haɗa sihirin amma ya cire tashi sama. Skyrim na 2011 da ya biyo bayansa ya cire haɗawar gaba ɗaya. Ya fi su kyan gani, ya fi su kasuwa, amma ni tun daga nan na san an fara ɗaukar ɗan wasa yaro.

Sadik_Domayo: Kawu, da girmanka, amma Morrowind ai shi ne babbar hujjata. Ba a can ne ake haɗa maganin ƙara basira, a sha, a haɗa wani da ya fi shi, a sake sha, har mutum ya fi ƙarfin wasan gaba ɗaya ba? Shi ya sa aka cire irin waɗannan abubuwa. Ba za a iya daidaita su ba.

Kawu_Sale_Siba: Wa ya ce sai an daidaita? Kai kaɗai kake bugawa a ɗakinka, wa ka zalunta? Wanda yake so ya lalata wasansa ya lalata. Ni na san hanyar, ban bi ta ba.

Malam_Buba_Gidar: Assalamu alaikum. Na karanta daga sama har nan, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Tun ɗazu sihiri, tsafi, matsafi, kuna faɗa kuna dariya. Sihiri ba abin wasa ba ne a addininmu. Yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi magana a kansa ƙarara. Ban ce danna maɓalli sihiri ne ba. Amma zuciya tana sabawa da abin da ake maimaita mata. Mu da muke zaune inda har yau ake kai kuɗi wurin boka, ya kamata mu fi Turawa taka-tsantsan.

Ɗan_Yelwa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Ni dai abin da na gani a Noita lissafi ne: wannan ya rage jinkiri da kaza, wancan ya ci mana kaza. Babu abin da ake karantawa, babu wanda ake kira. Da an canza sunan sandar an ce bindiga, ba abin da zai canza a wasan.

Injiniya_Kusuri: Don adalci ga Malam, akwai abin da Ɗan_Yelwa bai faɗa ba. A wasan in ka fasa bangon Holy Mountain, rubutu yana fitowa cewa ka fusata alloli, a turo maka wani mai gadi. Akwai kuma wuraren da aka yi su da siffar bagadi. Tatsuniyar mutanen Finland ce aka ɗebo, har sunayen dodannin da harshensu suke. Ni ina ɗaukarsa tatsuniya, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya san da shi kafin ya saya.

Malam_Buba_Gidar: To ka ji. Na gode Injiniya da ba ka ɓoye ba. Ni shawarata kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, kada ya ɗauki fatawa a zauren wasa, har da tawa. Abu na biyu kuma, wanda ba ya buƙatar fatawa: in an kira salla a ajiye.

Autan_Mama: Malam, a nan ka kama kowa har 'yan eFootball.

Shugaban_Zaure: An ji ra'ayin kowa cikin mutunci. Wanda ke son ci gaba da wannan ɓangaren ya buɗe masa zare dabam. Mu koma kan tambaya.

MamanHanif: Ni ba 'yar wasa ba ce, don yarona na shigo zauren nan. Shekararsa goma sha biyu, yana son irin abubuwan haɗe-haɗen nan. Wannan Noita ɗin ya dace da shi?

Hadiza_Dang: Anti, ni ba zan ba shi ba. Akwai jini da yawa ko da ɗigo-ɗigo ne, akwai giya da ɗan wasan ke iya sha har saitinsa ya karkace, kuma wahalarsa za ta sa yaro kuka. Ki duba Mages of Mystralia, na wani kamfani a Montreal ta Kanada, 2017. Yarinya ce jarumar, Zia. Sihiri iri huɗu ne, kana ɗora musu alamomi a kan wani allo, wannan ya sa ya tafi gaba, wancan ya sa ya lanƙwasa, wani ya sa ya ninka. Yawancin amfaninsu warware wasan ƙwaƙwalwa ne, misali yadda za ka kunna fitilun da ke bayan bango. Yana koyarwa a hankali, kuma in ka mutu ba ka rasa komai da komai ba. Amma ki karanta abin da Malam ya rubuta a sama, ki yanke da kanki.

MamanHanif: Na gode ƙanwata. Zan zauna da babansa.

Abakar_Njamena: Wani abu da masu bita na Turai ba za su gaya muku ba: zafi. Noita ba ya neman babban katin hoto, amma yana matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, don kowane ɗigon ruwa da wuta sai an lissafa shi. A nan Njamena a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka haɗa sanda mai feshi ka kunna wa kogo wuta, sai fankar kwamfutar ta fara kuka, hoton ya riƙa tsinkewa. Ni sai bayan isha'i nake bugawa, na ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu don iska ta shiga ƙasa. Ku riƙa busa ƙurar da ke cikin fankar ma, hunturu yana cika ta. Wanda ke da kwamfutar tebur ba batir kuwa, da irin ɗauke wutar da ake yi mana, ya riƙa ajiyewa yana fita tun kafin a yi masa ba-zata.

Ɗan_Yelwa: Garwa ma haka ake ɗauke wuta in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Alherinsa ɗaya, ba ya cin data. Da ka sauke shi, ba ruwanka da rezo.

Bello_Mokolo: Nawa ne, kuma ta yaya kuke biya? Ni kuɗin waya kawai gare ni.

Injiniya_Kusuri: Farashinsa na asali kusan Dalar Amurka 20 ne, ya haura jaka goma na sefa ke nan. Amma Steam, shagon wasanni na intanet, na yin rangwame sosai a tsakiyar shekara da ƙarshenta, ka jira. Sai da kati ake biya, ko ka samu wanda ke da shi ya saya maka a matsayin kyauta ka tura masa ta waya. Yana kuma GOG, wani shagon irinsa, inda kake sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye abinka. Akwai Faransanci a cikinsa.

Autan_Mama: Ko kuma a je kasuwa a sa maka a kilen USB da ɗari biyar 🙈

Kawu_Sale_Siba: Auta, na gyara kwamfutoci da yawa da irin wannan ɗari biyar ɗin ta kashe. Ban da haka, mutum uku ne ginshiƙan wasan nan, ba wani katafaren kamfani ba. Ɗayansu shi ya yi wasan Baba Is You. In kana da hali ka biya su. Kai da ke kukan waya, akwai OpenMW, injin da masu sha'awa suka sake rubuta wa Morrowind kyauta, har an kai shi Android. Sai dai dole ka mallaki fayilolin wasan na asali, kuma rubutu ne da yawa, ban san ko za ka jure ba.

Autan_Mama: Kawu karatu na gudo na zo nan.

Nafi'u_Baladji: Ba wanda ya ambaci Arx Fatalis? Shi ma 2002, na Arkane, a birnin Liyon na Faransa. A can da hannunka kake zana alamomin a iska da linzamin kwamfuta. Aam da Yok su kunna wuta, Aam da Taar su ba ka harsashi, ka haɗa ukun, Aam Yok Taar, ka samu ƙwallon wuta. Dodo yana rugo ka, hannu yana rawa, layin ya karkace, wasan ya ce bai gane ba. Amma gaskiya ba haɗawa ba ce irin wadda kuke nufi, jerin sihirin a ƙayyade yake, ganowa kawai kake yi.

Sadik_Domayo: Yauwa Nafi'u, ka taimake ni. Duka haka suke. Masu wasan sun riga sun san iyakar abin, mu ne muke jin kamar mun ƙirƙira.

Injiniya_Kusuri: A Arx haka ne. A Noita ban yarda ba. Masu wasan sun rubuta dokar kowane guntu ne, ba su rubuta sakamakon kowane jeri ba. Mai dako yana iya ɗauke da wani mai dakon, shi ma ya ɗauki wani. Sanda mai gurabe ashirin, wa zai zauna ya gwada duk yadda za a jera ta? Gyara ɗaya kuma ga rubutun farko, Ɗan_Yelwa: ka ce in an fita Holy Mountain babu komawa. Akwai. In kana da harsashin da ke ɗauke ka ya kai ka inda ya sauka, kana iya tsallake wurin da ke jawo ruftawar, masaukin ya zauna lafiya ka riƙa dawowa gyara. Akwai kuma baiwar da ke ba ka damar gyara sanda a ko'ina. In ta fito cikin ukun, kada ka ko kalli sauran.

Ɗan_Yelwa: Wannan ai shi ne kukana, Injiniya. Ina wasan ya faɗi haka? Sai mutum ya je intanet. Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Na ba ƙanena ya gwada, ɗan lise ne, kansa na ja. Ya zauna a masaukin ya haɗa sanda mai kyau, tartsatsi mai dako ɗauke da lantarki. Ya gwada a kan gunkin gwaji da ke wurin, lambobi suka tashi, ya yi ihu. Ya fita, ya sauka hawa na gaba, ƙafarsa a cikin wani ɗan kududdufi da bai kai gwiwa ba. Wani ɗan dodo ya taso dab da shi, ya harba, lantarkin ya sauka a ruwan da yake tsaye. Jikinsa ya sandare, jinin ya zube, allo ya rubuta masa abin da ya kashe shi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Yaya, ashe ruwan ma yana cikin lissafin." Ya sake farawa. Bai kai ko'ina ba ya faɗa wani ruwa mai launin hoda ya zama tunkiya, aka harbe shi. Wannan karon tashi ya yi ya bar ɗakin.

Hadiza_Dang: 😂😂 Tunkiyar ce ta kore shi. Amma ka lura, na farkon ya koya masa wani abu, na biyun bai koya masa komai ba sai tsoro. Nan ne nake rabuwa da masu yabon wasan. Mutuwar da ka jawo wa kanka da sandarka daidai ce. Wadda ta faɗo maka daga duhu bayan ka yi awa guda kana gini, wannan cin zali ne.

Injiniya_Kusuri: Ta koya masa kada ya taka ruwan da bai sani ba. In ka ɗora linzami a kan ruwa, wasan yana nuna sunansa.

Hadiza_Dang: Kana gudu ana harbinka za ka tsaya karanta suna?

Bello_Mokolo: Ni dai har yanzu ban gane ba, in saya ko kar in saya?

Kawu_Sale_Siba: Kana da haƙuri?

Bello_Mokolo: Kawu ni mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ne a wasannin Afirka.

Kawu_Sale_Siba: Saya.

Sadik_Domayo: Kafin ya saya, Injiniya ka amsa mini abu ɗaya tsakaninka da Allah. A duk wasannin da ka kai ƙarshe, sandar da ka kashe babban dodon da ita, ba mai feshin nan ba ce da zarto da mai bin abokin gaba?

Injiniya_Kusuri: Yawanci ita ce. Amma ba ita ta kai ni wurin ba. Hawa huɗu na farko da abin da na tsinta na bi su, kuma a nan ake mutuwa.

Sadik_Domayo: "Yawanci ita ce." A rubuta a ajiye.

Nafi'u_Baladji: Ku bar gardama ku taimake ni, yanzu haka ina masauki na biyu. Ina da sanda mai bin jeri, gurabe shida. A hannuna akwai tartsatsi mai dako, "harba biyu", zarto ɗaya, bam, da mai ƙara zafi. Yaya zan jera?

Injiniya_Kusuri: Cire bam ɗin ka mayar da shi sandarsa, za ka buƙace shi don haƙa. Sa mai dako a farko, sannan mai ƙara zafi, sannan zarton. Tartsatsin zai kai zarton jikin dodo ya yanke shi a can, kai kana nesa. "Harba biyu" ka riƙe shi a jaka har ka samu zarto na biyu. Gwada a kan gunkin kafin ka fita, ka duba ko mana yana riƙewa.

Hadiza_Dang: Kuma ka duba ƙasan ƙafarka.

Nafi'u_Baladji: Mana yana riƙewa. Baiwa uku da suka fito: kariya daga wuta, kariya daga lantarki, da ƙarin rai ɗaya. Wanne?

Injiniya_Kusuri: Wuta.

Ɗan_Yelwa: Ƙarin rai.

Sadik_Domayo: Na ɗauka ilimi ne ba sa'a ba, ga malaman biyu sun kasa haɗa baki.